Ina Ikon Jiha Ya Tsaya, Ina Na Abuja Ya Fara? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da wani gwamna ya yi fito-na-fito da gwamnatin tarayya, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo: gwamna yana da hurumin yin haka? Shugaban ƙasa zai iya taka masa birki? A nan an tattaro waɗanda aka fi yi, an amsa su da abin da kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada da kuma abin da ya faru a zahiri, domin su biyun ba kullum suke tafiya tare ba.

Majalisar dokokin jiha za ta iya yin dokar da ta ce jiharta ba za ta bi wata dokar tarayya ba?

Za ta iya rubutawa, gwamna ya sa hannu, a yi biki. Amma ranar da aka kai ta gaban alƙali, da wuya ta kai labari. Sashe na 1 na kundin ya ce shi ne gaba da kowace doka, duk wadda ta saɓa masa ta ɓaci. Sashe na 2 ya ce Najeriya ƙasa ce ɗaya da ba ta rabuwa. Sashe na 4(5) kuma ya fito fili: idan dokar jiha ta ci karo da ta Majalisar Tarayya, ta tarayyar ce za a bi.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne jihohi suke samun ƙofa. Dokar tarayya tana rinjaye ne kawai idan an yi ta a kan abin da kundin ya ba Majalisar Tarayya izinin taɓawa. Idan ta shiga gonar jiha, ita ce za ta faɗi. Haka aka yi da dokar caca ta ƙasa ta 2005. Jihar Legas ta kai ƙara tun 2008, a Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta ce caca ba ta cikin abubuwan da aka ware wa tarayya, lamarin jihohi ne. Legas ta nemi wannan hukunci ne don ta riƙa karɓar haraji daga kamfanonin caca. Hisbar Kano kuwa ta ɗauke shi hujjar rufe shagunansu. Hukunci ɗaya, kowace jiha ta yi abin da ya dace da mutanenta. Wannan shi ne amfanin tarayya idan tana aiki.

Abin lura: ba majalisar Legas ce ta soke dokar ba. Kotu ce. Sashe na 232 ya ba jiha dama ta kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kai tsaye, ba sai ta bi ta ƙananan kotuna ba.

To wane aiki ne na Abuja, wane ne na jiha?

Kundin ya zo da jeri biyu. Na farko, abubuwa 68 da aka keɓe wa tarayya ita kaɗai: soja, 'yan sanda, makamai, kuɗin ƙasa, bankuna, kwastan, shige da fice, hulɗa da ƙasashen waje, ma'adinai, jiragen sama, ƙidayar jama'a, har da mafi ƙarancin albashi. Na biyu, abubuwan da duka ɓangarorin biyu za su iya yi wa doka, kamar manyan makarantu, bunƙasa noma da masana'antu, da wutar lantarki. Duk abin da bai fito a ɗaya daga cikin biyun ba, na jiha ne.

Mutane suna raina wannan kaso na ukun, alhali shi ne rayuwarsu ta kullum: makarantar firamare, asibitin unguwa, ruwan famfo, hanyoyin cikin gari, kasuwanni, masarautu, tsarin gine-gine, yawancin laifuffuka irin su sata da kisa. Shi ya sa dokar kare haƙƙin yara da aka yi a Abuja a 2003 ba ta fara aiki a jihohi ba sai da kowace majalisa ta yi tata, wasu jihohin Arewa sai bayan kusan shekara ashirin. Idan aji ya rushe a ƙauyenku ko babu magani a ɗakin shan magani, ba shugaban ƙasa ne farkon wanda za a tambaya ba.

Dama can haka Abuja take da wannan ƙarfi?

A'a. A jamhuriya ta farko kowane yanki yana da nasa kundin tsarin mulki, da firimiyarsa, da wakilinsa a Landan. Jihar Arewa ta sami mulkin kai a ranar 15 ga Maris 1959, tun kafin ƙasar ta sami 'yanci. Da kuɗin gyada da auduga da haraji da jangali gwamnatin Sardauna ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Rabin kuɗin ma'adinai yana komawa yankin da aka haƙo su. Abubuwan da aka keɓe wa tarayya ba su kai 50 ba.

Kuma ya kamata 'yan Arewa su tuna cewa iyayensu ne suka fi kowa dagewa a kan wannan tsari. A 1953, bayan rikicin da ya biyo bayan ƙudurin neman 'yanci na Anthony Enahoro, majalisun Arewa sun fito da buƙatu takwas da suka nemi kusan komai ya dawo hannun yankuna, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗa da waje da kwastan. A watan Mayun 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya fito da doka ta 34 wadda ta rushe yankuna ta mayar da ƙasar dunƙulalliya. Arewa ta ɗauki zafi, aka yi ta ihun "a raba", jini ya zuba, kuma bai cika wata uku da yin dokar ba aka hamɓarar da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kawo mu nan. Gowon ya raba ƙasar jihohi 12 a Mayun 1967, aka yi yaƙin basasa har zuwa Janairun 1970, kuɗin man fetur ya fara kwarara zuwa tsakiya. Soja kuwa umarni daga sama suka sani. Jihohi suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowace ta fi wadda aka ciro ta ƙanƙanta da dogaro da kason wata. Jami'ar Zariya da rediyon Kaduna duk suka koma hannun tarayya a shekarun 1970. Kundin 1999 da gwamnatin Janar Abdulsalami ta miƙa ya gaji wannan tarin iko.

In haka ne, ta yaya Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci?

Ta bi ta ƙofar da kundin ya bari. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi taron ƙaddamarwa a Gusau a ranar 27 ga Oktoba 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, daga baya jihohin suka kai 12. Hujjarsu biyu ce. Jiha tana da ikon kafa kotunanta. Sannan sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da aka rubuta a doka, kuma dokar jiha doka ce. Saboda haka suka rubuta hukunce-hukuncen fiƙihu a matsayin dokar majalisa, suka ce a kan Musulmi za su hau.

Masu adawa suna riƙe da sashe na 10 da ya hana kowace gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Gwamnatin Obasanjo ba ta kai wannan tambaya Kotun Ƙoli ba. Inda aka gwabza shi ne kan Hisbah: a 2006 tarayya ta ce Hisbar Kano haramtacciya ce, aka kama shugabanninta, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta garzaya Kotun Ƙoli, a 2007 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar a yadda aka shigar da ita. Hisbah ta ci gaba da aikinta. Amma har yau iyakar tana nan: ɗan Hisbah ba ɗan sanda ba ne, kuma ɗaukaka ƙara daga kotun shari'a yana ƙarewa ne a kotunan tarayya.

Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa. Me ya sa ba ya iya ba 'yan sanda umarni?

Domin laƙabin ya fi ikon girma. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya tak, ya hana kafa wata. Sashe na 215(4) ya ce gwamna zai iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan yana da damar ya ce a fara tuntuɓar shugaban ƙasa ko ministansa. Gwamna ne yake sayen motocin sintiri, ya zuba mai, ya biya alawus, amma ba shi ya kawo kwamishinan ba, ba kuma shi zai hana a ɗauke shi gobe ba.

A jihohin da 'yan bindiga suka addaba, wannan magana ce ta rai da mutuwa. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa mutane su nemi lasisin mallakar bindiga su kare kansu. Rundunar 'yan sanda ta ce ba ta bayar da lasisin. Maganar ta tsaya nan, domin makamai na tarayya ne. Jihohin Yarabawa sun kafa rundunar tsaro ta Amotekun a Janairun 2020, ministan shari'a Abubakar Malami ya ce haramun ne, aka zauna aka sasanta, kowace jiha ta yi mata doka. Katsina ta kafa nata jami'an sa-ido a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024. Matasan nan sun san kowace hanyar daji da kowane rafi, amma ana tura su ne da makaman da ba su kai na ɓarayin ba, domin doka ba ta yarda su riƙe irin waɗancan ba.

Ina goyon bayan 'yan sandan jihohi, amma ba zan ɓoye tsoron da dattawa suke da shi ba, domin sun gani da idonsu. A zamanin En'e akwai 'yan doka a hannun sarakuna, kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu: a hana su taro, a kama su, a kai su gaban alƙali a ɗaure. Wannan yana cikin dalilan da suka sa soja suka haɗe su cikin rundunar ƙasa bayan 1966. Gwamnan da jam'iyyarsa take cinye kowace kujera a zaɓen ƙananan hukumomi, idan aka miƙa masa bindiga ba tare da an ɗaure hannunsa ba, ranar zaɓe za a ga amfanin da zai yi da ita. Duk gyaran da za a yi wa sashe na 214 dole ya faɗi wanda zai naɗa kwamishina, wanda zai iya cire shi, da inda talaka zai kai kuka idan an zalunce shi.

Akwai lokacin da jihohi suka kayar da shugaban ƙasa a kan abin da yake nasa?

Akwai, kuma kowa yana tunawa da shi: canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 10 ga Fabrairu 2023 a matsayin wa'adi na ƙarshe, alhali sababbin ba su wadata ba. Mutane suka riƙa kwana a layin na'urar cire kuɗi. Mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa a wurin mai POS. Baƙauye ya kawo akuya kasuwa, mai saye ya ce zai tura masa ta waya, shi kuwa ba shi da asusu, ya ja akuyarsa ya koma gida ba cefane.

Kuɗin ƙasa na tarayya ne, babu musu. Duk da haka Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara, wasu jihohin suka bi su. Kotun Ƙoli ta ba da umarnin dakatarwa, Shugaba Buhari ya fito a ranar 16 ga Fabrairu ya ce tsohuwar 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa, Gwamna Nasir El-Rufai ya yi wa mutanen Kaduna jawabi ya ce su ci gaba da kashe tsofaffin kuɗinsu. A ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukunci: ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ba a yi shawarar da ta kamata ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Mallakar iko bai ba tarayya damar yin abin da ta ga dama da shi ba.

Ba kullum jihohi suke nasara ba. A Nuwamba 2024 kotun ta yi watsi da ƙarar da Kogi da wasu jihohi suka kai suna neman a ce an kafa EFCC ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ƙarar ta cancanci faɗuwa. Kare asusun jiha daga bincike ba kare 'yancin jiha ba ne.

Me ya sa rigimar harajin VAT ta tayar da hankalin Arewa?

A Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, a cikinta, ba hukumar haraji ta tarayya ba. Gwamna Nyesom Wike ya sa hannu a dokar jiha, Legas ta bi sahu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya dakata. Tsoron a bayyane yake: mafi yawan harajin ana rubuta shi ne a Legas, inda hedikwatar kamfanonin waya da bankuna suke, ko da katin wayar a Gusau ko Damaturu aka saya. Gwamnonin Arewa sun sake tada murya a Oktoban 2024 kan ƙudurorin haraji na Shugaba Tinubu. A dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, tarayya ta rage kasonta na VAT daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka riƙe 35.

Rigimar ta tona wani asiri. Daga asusun tarayya, Abuja tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin mai. Kason Abuja ya yi yawa, gaskiya ne. Amma jihar da ba za ta iya biyan albashi ba sai an yi rabon wata, ba ta da bakin yi wa mai rabon gardama. Wanda yake ci a akushin wani ba ya zaɓar tsoka.

Zinaren Zamfara na wane ne? Filayen kuma fa?

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne, bisa sashe na 44(3): mai, iskar gas, zinare, komai. Shi ya sa Abuja ce ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ita ce kuma ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Saman ƙasar kuwa, dokar filaye ta 1978 ta damƙa shi amana a hannun gwamna. Da wannan ikon ne Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, da shi ne kuma jihohi da dama suka ƙi ba da fili ga shirin Ruga, wanda tarayya ta shirya don gina wa makiyaya matsugunai, har aka dakatar da shi a 2019. Makiyaya suna kafa hujja da sashe na 41 da ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina. Ikon jiha a kan fili ba ya ba ta damar korar ɗan Najeriya saboda ƙabilarsa.

Shugaban ƙasa zai iya dakatar da gwamna?

An yi. Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye na Filato a Mayun 2004, ya sa dokar ta-ɓaci a Ekiti a 2006, Tinubu ya dakatar da Siminalayi Fubara na Ribas da majalisarsa na wata shida a Maris 2025. Jonathan kuwa ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 ya bar gwamnonin a kujerunsu. Sashe na 305 ya ba da ikon sa dokar ta-ɓaci da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, amma bai ambaci sauke zaɓaɓɓen gwamna ba. Hanyar tsige shi tana sashe na 188, a hannun majalisar jiharsa. A ganina hanyar Jonathan ce ta fi kusa da abin da aka rubuta.

An ce daga Amurka muka kwafo tsarin. Can jihohi suna ƙin bin dokar tarayya?

Sun sha gwadawa. A 1832 jihar Karolina ta Kudu ta ce ta soke harajin kwastan na tarayya a cikinta, Shugaba Andrew Jackson ya yi barazanar tura soja. A 1957 gwamnan Arkansas ya hana yara baƙar fata shiga wata makaranta a Little Rock, Shugaba Eisenhower ya tura sojoji suka raka su. A 2021 Missouri ta yi dokar ƙin amincewa da wasu dokokin bindiga na tarayya, kotun tarayya ta rushe ta a 2023. Abin da kotunsu ta yarda da shi, kamar a hukuncin 1997, shi ne tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jiha su aiwatar mata da dokarta ba. Wannan yana da nauyi a can domin kowace jiha tana da kundinta, da 'yan sandanta, da kotun ƙolinta. Jihohinmu ba su da ko ɗaya daga cikin ukun.

Su kuma gwamnonin, suna ba ƙananan hukumomi abin da suke nema daga Abuja?

Yawancinsu ba sa bayarwa, kuma wannan ne ya fi raunana hujjarsu. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi 774, amma shekara da shekaru ana naɗa kantomomi, ana riƙe kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓu ke jagorantarta ba. Nan da nan jihohi suka shirya zaɓe, kuma kusan ko'ina jam'iyyar da gwamna yake so ce ta lashe.

Akwai masu cewa hukuncin ya ƙara wa Abuja ƙarfi ne, kuma ba za a yi watsi da maganarsu ba. A 2004 Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda gwamnanta na lokacin, Bola Tinubu, ya ƙirƙiro sababbi 37, kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da wannan iko, kuma sai zamanin 'Yar'aduwa aka saki ragowar kuɗin. Hannun da yake biya kai tsaye zai iya riƙewa kai tsaye.

Ta wace hanya za a ƙara wa jihohi iko?

Ta sashe na 9: kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa a Abuja, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 su amince. Hanya ce mai wuya amma an bi ta. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyare-gyaren da suka ba jihohi damar shimfiɗa layin dogo, da gina gidajen gyaran hali, da samar da wutar lantarki da rarraba ta ko a wuraren da layin ƙasa ya kai. Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki a Yunin 2023. A 2024 Enugu da Ekiti da Ondo suka zama na farko da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta fara miƙa wa ragamar kasuwar wutarsu, domin sun yi dokarsu, sun kafa hukumarsu, sun nema a rubuce. Duk jihar da ba ta yi waɗannan ukun ba, kasuwar wutarta tana nan a hannun Abuja. Mai son sanin inda jiharsa ta kwana, ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa zai tambaya.